Hoton Biki: Yadda Ake Ɗaukar Masu Buƙata ta Musamman Ba Tare da An Ci Fuskarsu Ba

Da zarar MC ya ce dangin amarya su fito hoto, sai wayoyi su tashi sama lokaci guda. Kowa ya jeru da ankonsa, a tura gwaggon amarya da ke kan keken guragu can gefe. Da daddare hotuna su shigo zauren WhatsApp na dangi: a wani an yanke rabin jikinta, a wani ɗaurin kallabinta kaɗai ake gani. Babu wanda ya yi da gangan, amma ita ta gani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a bukukuwan Arewa. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji a shekarar 2020, amma waɗanda cutar ta taɓa suna yara su ne yau yayye da kawunnai, har da angwaye da amare.

Tsayin waya

Mai ɗaukar hoto yana tsaye, wanda ake ɗauka yana zaune, don haka kyamara daga sama take kallonsa. Kai ya yi girma, jiki ya tsuke, babban mutum ya fito kamar yaro. Maganin shi ne a durƙusa har idon kyamara ya yi daidai da idonsa. Idan hoton taro ne, a jawo kujeru, ango da amarya su zauna kusa da shi a sahun gaba, sauran su tsaya a baya.

0.5x da Portrait

Idan mutane sun yi yawa, matasa kan danna 0.5x don kowa ya shiga. Sai dai wannan idon yana miƙar da duk abin da ke bakin hoto, wanda aka ajiye a gefe shi da kekensa su fito a karkace. Gara a ja da baya a ɗauka da 1x.

Portrait kuma ƙiyasi manhaja ke yi don raba mutum da bayansa, kuma siraran abubuwa kamar sandar dogarawa ko wayoyin taya suna rikita ta. Sai a ga rabin sanda ta narke, hannu na riƙe da iska. A duba hoton nan take, in ya lalace a sake da yanayin hoto na yau da kullum.

Gogewa ba gyara ba ne

Magic Eraser na Google Photos, Object Eraser na Samsung da Clean Up na iPhone duk suna iya cire sanda cikin daƙiƙa. Amma wa ya ce a cire? Wani yana so, wani kuwa sandar ko keken tamkar ƙafarsa ce, goge ta kamar ce masa aka yi shi ne ya ɓata hoton. Haka ma karɓe sandar mutum ko jingina da kekensa ba da izini ba.

Tambaya kafin dannawa

Abin da ya fi ciwo shi ne bidiyon da ake sawa a TikTok da sautin tausayi, a rubuta "Allah sarki". Baiwar Allah ta sha ado ta zo biki, an mayar da ita abin neman mabiya.

Ita za a tambaya, ba mai tura kekenta ba: "Gwaggo, in ɗauke ki? Ta wane ɓangare kika fi so?" A nuna mata hoton, a kuma nemi izini daban kafin a ɗora shi a intanet. Idan ta ce a goge, a shiga kwandon shara na wayar a goge shi nan ma, domin iPhone da Samsung kan riƙe hoton da aka goge har kwana 30.