Wane Ne Ya Ƙago Harshen Kwamfuta Na "C"?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa, ya rubuto yana cewa ya ji 'yan makaranta suna faɗin wai kwamfuta tana da harsuna nata, har da wani mai suna "C". Shin wa ya ƙago shi, kuma ina amfaninsa ga mutumin karkara?

AMSA: Sunan mutumin Dennis Ritchie, Ba'amurke ne. An haife shi ran 9 ga watan Satumba na 1941 a jihar New York. Ya karanta lissafi da kimiyya a Jami'ar Harvard, sa'an nan a 1967 ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey, wadda a lokacin mallakar kamfanin tarho na AT&T ce. Mahaifinsa ma a can ya yi aiki.

Amma bari tukuna mu ga mene ne harshen. Ita kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abin da ta sani kurum shi ne sifiri da ɗaya. Mutum ya ce zai ba ta umarni a haka kuwa, jan aiki ne. Shi ya sa masana suka tsara wasu kalmomi da alamomi masu ƙa'ida. Mutum ya rubuta abin da yake so, sai wata manhaja ta yi tafinta, ta juya shi zuwa sifiri da ɗaya. Ke nan ba da baki ake wannan harshe ba, rubuta shi ake yi.

Ga inda matsala take a wancan zamani. Kowace kwamfuta tana bukatar wata babbar manhaja mai tafiyar da ita, tamkar sarkin kasuwa da ke raba wa kowa rumfa. Galibi akan rubuta ta ne da harshen da na'ura iri ɗaya tak ke ji. In an sayo wata iri daban, sai a koma a sake rubutu daga tushe, a yi hasarar kuɗi da lokaci. Kai ɗan kasuwa ka san wahalar da ake sha in kowace kasuwa da girman nata mudu.

A 1969 abokin aikinsa, Ken Thompson, ya fara rubuta irin wannan babbar manhaja, Ritchie yana taya shi, aka sa mata suna Unix. Thompson yana da wani ɗan harshe da ya kira "B". Sai Ritchie ya ɗauke shi ya gyara, ya ƙara masa ƙarfi, wajajen 1972 aka sami sabon harshe. Da yake harafin C ne ke bin B, sai aka kira shi "C". A 1973 suka sake rubuta ainihin Unix da wannan harshe. Daga nan abu ya yi sauƙi: in za a kai Unix kan wata na'ura, sai a sama mata tafintan "C", a gyara ɗan abin da ba a rasa ba, aiki ya ci gaba.

A 1978 Ritchie da Brian Kernighan suka wallafa littafin koyar da harshen, ya bazu cikin jami'o'in duniya. A 1983 aka ba shi da Thompson lambar girma ta Turing, wadda ita ce mafi daraja a fannin kwamfuta. A 1989 kuma hukumar tsayar da ƙa'idoji ta Amurka ta fitar da ƙa'ida ɗaya ta harshen, wato aka tsayar da mudu ɗaya ga kowa.

To ina amfaninsa gare ku? A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya kwaikwayi tsarin Unix ya rubuta tasa manhaja da harshen "C", ya sake ta kyauta, ana kiran ta Linux. A kan Linux ɗin nan aka gina wayoyin Android, kuma akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet da ita suke aiki. Wayar iPhone ma daga Unix ta samo asali. Saboda haka in ka ɗauki irin waɗannan wayoyi ka tambayi farashin masara a kasuwar Dawanau, ko ka tura wa mai taki kuɗinsa ba tare da ka hau mota ba, to kana cin gajiyar aikin Ritchie ne, ko da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Ritchie ya yi ritaya a 2007. Ran 12 ga watan Oktoba na 2011 aka tarar da shi ya rasu a gidansa, yana da shekara 70. Mako guda ke nan da mutuwar Steve Jobs na kamfanin Apple, don haka labarin Jobs ya danne nasa. Haka dai harsashin gini yake, ba a ganinsa, amma a kansa ɗaki ke tsaye.