Ragowar Shukar Rufe Ƙasa: Riba Ko Asara Ga Mai Lambu

Tsadar maganin ciyawa da kuɗin 'yan ƙwadago sun sa manoman kayan lambu a ƙasashe da dama suna shuka amfanin rufe ƙasa, su sare shi, su bar ragowarsa a shimfiɗe domin hana ciyawa tsiro. Sai dai binciken masana ya nuna cewa sinadaran da ke danne ciyawa suna iya danne kayan lambun da aka zuba wa jari.

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Molisch, shi ne ya laƙaba wa wannan hali suna alelofati a shekarar 1937, wato yadda tsiro ke fitar da sinadaran da ke tauye wani tsiron. A shekarun 1980, masu bincike a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka sun gano cewa ragowar hatsin rai tana sakin sinadarai biyu, DIBOA da BOA, masu hana ƙananan irin ciyawa tsiro. An kuma lura cewa latas na cikin kayan lambun da suka fi jin jiki, alhali masu manyan iri kamar wake da kokwamba sun fi jurewa.

Abin ya shafi manoman arewacin Nijeriya kai tsaye ta wajen dawa. Saiwoyinta na fitar da wani sinadari mai maiƙo, sorgoliyon, wanda ke hana ƙananan tsirrai haɗa abinci daga hasken rana. Ganyenta kuma, musamman gyauro, yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama guba, dalilin da ya sa makiyaya ke nisanta dabbobi da gyauron dawa. Saboda haka manomin rani da ya zuba irin latas, karas ko albasa a filin da aka sare dawa ɗanya jiya-jiya, yana iya ganin tsiro ya fito a warwatse, sauran kuma ya tsumbure.

A ɓangaren riba kuwa, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta sun yaɗa waken mukuna a kudancin Jamhuriyar Benin daga ƙarshen shekarun 1980, inda manoma suka yi amfani da shi wajen murƙushe ciyawar tofa da ta mamaye gonaki, suka kuma ƙara wa ƙasa taki.

Ƙarfin waɗannan sinadarai yana raguwa yayin da ƙwayoyin halittar ƙasa ke ruɓar da ragowar, kuma ɗumi da danshi suna gaggauta hakan. Don haka malaman gona ke ba da shawarar a jira makonni biyu zuwa uku bayan sara kafin shuka, a fifita dashe a kan zuba iri, a kuma ture ragowar daga layin shuka zuwa tsakanin kunyoyi.

Ga ɗan kasuwa mai ɗaukar nauyin noman rani, lissafin a fili yake. Jinkirin makonni uku na iya sa a rasa farashin farkon kaka, amma gaggawa na iya jawo sake sayen iri, sake ban ruwa da biyan 'yan ƙwadago sau biyu. Kafin a saki kuɗi, ya kamata a san abin da aka shuka a filin, ranar da aka sare shi, da irin kayan lambun da zai biyo baya.