Suna Linzami: Rikicin Tambarin Kasuwanci a Wasannin Kwamfuta da Darasinsa ga Kura da Bunkure

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Kura ko Bunkure da kaka, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da gonakin noman rani, zai ga buhunan shinkafa jibge, kowanne da suna da zane a jikinsa. Wannan suna shi ne tambarin kasuwanci, watau alamar da mai saye ke bambanta kayan wani da na wani. Maƙalar nan za ta duba yadda irin wannan suna ya sha tare wa wasannin kwamfuta hanyar shiga wasu ƙasashe, da abin da hakan ke koya wa 'yan kasuwar Kano.

Tushen Matsalar

Ƙa'idar ita ce, rajistar tambari ba ta ƙetare iyakar ƙasar da aka yi ta. Wanda ya mallaki suna a Japan bai mallake shi a Amurka ba. In ya tarar wani ya riga shi a can, to, sai dai ya sayi sunan, ko ya sake wani, ko ya tafi kotu, ko ya haƙura da kasuwar.

Alal misali, kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest a Japan a 1986. Da za a kai shi Amurka a 1989, sai aka tarar akwai wani wasan tebur mai suna DragonQuest, dole aka raɗa masa Dragon Warrior. Sai a 2005 kashi na takwas ya fita a can da sunansa na yanka. Haka kuma wasan da Capcom ya kira Biohazard a 1996 ya zama Resident Evil a Amurka da Turai, domin akwai masu amfani da sunan, har da wata ƙungiyar mawaƙa ta New York. Daɗin daɗawa, a 2019 mawaƙan Iron Maiden na Ingila sun kai kamfanin 3D Realms ƙara a kan wasan Ion Maiden, suna neman diyyar dala miliyan 2, aka mayar da shi Ion Fury.

Darasi ga Gida

A Nijeriya, Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965 ce ginshiƙi, ofishin rajista kuma yana Abuja. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Amma fa Jamhuriyar Nijar tana ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, Nijeriya kuwa ba ta cikinta. Ke nan mai injin casar shinkafa a Kura da ya yi wa sunan buhunsa rajista a Abuja ba shi da kariya a Maraɗi. Wani na iya rigansa a can, ya hana kayansa shiga da sunan da ya sha wuya kafin ya kafa.

Kammalawa

Abin da ya sami Enix da Capcom na iya samun ɗan kasuwar Bunkure. Hanyar tsira ita ce a bincika rajistar kowace ƙasa da ake son shiga tun kafin a buga suna a buhu, domin rigakafi ya fi magani.