Begen Wasan Mario: Me Ake Kewa?

A shekarar 2016 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar ƙaramar na'ura mai kama da tsohuwar na'urarsa ta wasa a talabijin, ɗauke da tsofaffin wasanni 30. Nan da nan ta ƙare a kasuwa. An yi ta ne musamman domin manyan da suka yi wasannin suna yara. Turawa kan kira irin wannan hali nostaljiya, kalmar da Johannes Hofer ya ƙirƙiro a 1688 don ciwon kewar gida. Bahaushe kuwa zai ce bege ne, domin bege ya ɗara kewa: ya ƙunshi yawan ambaton abu da yabonsa.

Daga cikin wasannin nan babu kamar Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci tsara shi, aka fitar a 1985. Labarinsa gajere ne. Wani dodo mai siffar kunkuru ya sace gimbiya, sai ɗan guntun mutum mai gashin baki ya tafi ceto ta. Ƙasashe 8 zai ratsa, kowace da zango 4. A fadoji bakwai na farko, da ya ka da abokin gaba sai a shaida masa cewa gimbiya tana wata fadar. Mai nazarin tatsuniya ba zai rasa gane wannan zubi ba, wato maimaita tafiya da jinkirta biyan bukata.

To amma ba kyan zane ake bege ba. Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfi, shi ya sa tun farko aka yi wa Mario hula don a huta da zana gashi, aka sa masa gashin baki a madadin baki. Hatta gajimare da ciyayi zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

A ganina, sharuɗɗan wasan ne suka kafa shi a zukata. Da rai uku ake farawa, kuma ba a iya ajiye inda aka tsaya. In an kashe na'ura, ko aka ɗauke wuta, sai a koma farko. Saboda haka dole yaro ya haddace hanya: inda rami yake, da bututun da ake shiga, da tubalin da ya ɓoye naman kaza. A shekarun 1990, lokacin da kwaikwayon na'urar masu araha suka shigo kasuwannin Nijeriya, yara kan taru a gidan da ke da ita, ana karɓa-karɓa, wanda ya mutu ya miƙa wa na kusa. Asiran wasan da baki suke yawo, daga wa zuwa ƙane, kamar kacici-kacici a dandali.

Wannan ne abin da sabuwar na'urar ta kasa maidowa. Ta kawo zanen da kiɗan Koji Kondo yadda suke, amma an ƙara mata hanyar ajiye wasa a ci gaba gobe, kuma sau da yawa mai ita shi kaɗai yake zaune a gabanta.