Tafiyar Ɓoye: Abin Da Ke Samun Mata A Hanya

Ci-rani ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Amma akwai tafiyar da ake yi ba takarda, ta hannun dillalai, a bi ta bayan gari domin a kauce wa ma'aikatan iyaka. Wannan tafiya tana cin maza, amma ta fi cin mata.

A watan Oktoba na 1913 ba a san mota a hamada ba, sai raƙumi da madugu wanda ya san kowace rijiya. Shekara ɗari bayan haka, a watan Oktoba na 2013, aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga ƙasar Kance suke, a jihar Damagaram. Talauci ya kore su, suna fatan samun abin kai wa baki a Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Mace mai ciki ko mai goyo ta fi kowa bukatar ruwa, ga shi kuwa ita ce za ta ba ɗanta nata rabon.

Wadda ta tsira daga hamada ba ta huta ba. A Libiya akan kulle matafiya a gidaje har sai danginsu sun aiko da kuɗi. Mata da yawa an yi musu fyaɗe a nan. Akwai maganin da ke tare ƙwayar cutar ƙanjamau idan an fara sha cikin awa 72, amma wadda ba ta da takarda tana tsoron zuwa asibiti. Sai ta ɓoye ciwonta, ko ta haihu ba ungozoma.

A kan teku kuma, akan zaunar da mata a tsakiyar jirgin roba, wai domin a kiyaye su. Nan ne fetur yake garwaya da ruwan gishiri, ya ƙone fata kamar wuta. In jirgi ya lotse, na tsakiya ake fara dannewa. A watan Nuwamba na 2017 aka sauke gawar 'yan matan Nijeriya 26 a Salerno ta ƙasar Italiya.

Me ya kamata mu yi? Idan wani ya zo gidanmu ya ce zai kai 'yarmu aiki waje, ta biya kuɗin hanya daga baya, mu sani bashin nan igiya ce. Mu tambayi sunan mai aikin, da garin, da takardar izni. In ya yi ta kwana-kwana, mu sanar da hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane.

Wadda ta komo kuwa, kada mu tarye ta da gori. Mu fara kai ta asibiti, sa'an nan mu taimake ta da jari, gama yunwar da ta kore ta tana nan tana jiran ƙannenta.