Jirgin ƙasan Zariya zuwa Jos: layin da aka shimfiɗa domin kuza

Mutanen Zariya sun san layin dogon da ya taso daga Legas ya ratsa garinsu zuwa Kano, sun kuma san wanda ya nufi Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda.

Amma akwai layi na uku, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, ya yi aiki fiye da shekara 40 kafin a rufe shi a 1957.

Turawan mulkin mallaka sun sa masa suna Bauchi Light Railway, wato ƙaramin layin dogo na Bauchi, ko da yake bai taɓa isa garin Bauchi ba. Dalili shi ne a lokacin tsaunukan Jos suna ƙarƙashin lardin Bauchi ne, sai a 1926 aka kafa lardin Filato.

Aikin diga

Layin dogo ya iso ƙasar Zazzau ne a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920.

An fara shimfiɗa babban layin daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, ƙarƙashin Gwamna Percy Girouard, wani injiniyan soja ɗan ƙasar Kanada, kuma ya isa Kano a 1911.

Talakawa ne suka yi aikin da ƙarfinsu. Akan yanka wa hakimai da dagatai yawan mutanen da za su kawo, manomi ya bar gonarsa ya tafi sarar ƙasa ko yana so ko ba ya so. Wannan shi ake kira aikin diga, kuma shi kansa Sarki Aliyu, wanda fasihin mawaƙi ne, ya rubuta Waƙar Diga a kan al'amarin.

Layin bai shiga cikin ganuwar birnin ba. An gina tashar ce a arewa da birni, a hayin kogin Kubanni, inda ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya suka zauna, wurin ya zama Sabon Gari. Baƙi 'yan arewa kuwa aka ba su Tudun Wada, a wajen Ƙofar Doka.

Wannan ya kare birni daga cuɗanya da baƙi, kamar yadda Turawa da sarakuna suka so. Sai dai ya kuma janye manyan kantuna da aikin albashi zuwa wajen ganuwa, abin da har yanzu ake ganin alamarsa.

Yadda layin ya yi aiki

Kafin zuwan jirgi, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka daga tsaunukan Jos zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa. Kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa wa gwamnati lamba ta sama masu hanya mafi sauƙi.

Layin ya kai Rahama a 1912, sannan Jos da Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143 ne, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, kafin ya hau tudu.

Domin rage kashe kuɗi, an yi shi ƙarami. Faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali na babban layin ƙafa 3 da inci 6 ne. Ƙaramin layi ya fi arha, kuma ya fi iya shan kwana a cikin duwatsu.

Amma wannan tsimi shi ya zama cikas. Tarago ɗaya ba ya iya hawa layukan biyu, saboda haka duk buhun kuza da ya zo daga Jos sai an sauke shi a Zariya, leburori su sake loda shi a babban jirgi mai zuwa Legas. Haka ma injuna da kayan abinci masu tafiya Jos, da su kansu fasinjoji. Ga shi kuma jirgin ba shi da sauri, kuma ba ya jan kaya mai nauyi a hawan Jengre.

Ga Zariya dai wannan ciniki ne, domin sauke kaya da lodi sun samar wa jama'a aikin yi a tasha.

Rufe layin

A 1927 babban layi ya isa Jos ta Kafanchan, wanda ya haɗa wuraren haƙar kuza kai tsaye da gawayin Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Daga nan kuza ta daina biyowa ta Zariya.

Ƙaramin jirgin ya ci gaba da ɗaukar fasinjoji da amfanin gona na wasu shekaru 30, amma motoci suka riƙa ƙwace masa ciniki. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rufe shi bayan shekara biyu, aka kuma cire ƙarafan.

An adana wasu daga cikin kawunan jirgin da taragu a kusa da gidan tarihi na Jos.

A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, wanda zai bi ta Zariya. Faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, wato shi ma taragunsa ba za su iya hawa tsohon layin da ke tashar Sabon Gari ba.