Me Ya Sa GPS Ke Ruɗewa a Cikin Kurmi?

Wanda ya saba ganin waya tana nuna masa ƙofar gidansu a taswira zai ɗauka auna fili da GPS abu ne mai sauƙi. A sarari haka ne. A kurmi irin na Kuros Riba kuwa, inda rassa suka sarƙe har rana ba ta taɓa ƙasa, labari ya sha bamban.

Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi ne a nisan kilomita kusan 20,200. Aikin na'ura shi ne lissafa lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso, kuma sai ta samu aƙalla taurari 4. Da yake saƙon da saurin haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya karkatar da lissafi da mita 300.

Ga shi kuma a kurmi a galabaice saƙon yake isowa. Ɗanyen ganye ya shanye wani, kututture ya tare wani. Mafi muni shi ne wanda ya bugi jikin bishiya sannan ya faɗo wa na'ura: ya yi zagaye, ita kuwa ba ta sani ba, sai ta lissafa shi tamkar kai tsaye ya zo. Shi ya sa mutum yana tsaye cak, ɗigon da ke kan allo yana ta yawo.

Wayar hannu a sarari takan kuskure da kamar mita 5; ƙarƙashin duhuwa abin yakan ninka. Ko na'urar RTK ta ma'aikatan safiyo, mai kai wa santimita 2, a kurmi takan yi gardama. Sababbin na'urori da ke haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba.

Don haka gogaggen ma'aikaci ba ya gaggawa. Yakan nemi fili buɗaɗɗe ya kafa turakunsa da GPS, daga nan ya ja awo zuwa cikin kurmi da na'urar hange mai ƙafa uku, turke bayan turke. Aikin akwai cin rai, amma shi na fi amincewa da shi a kan iyaka.

Batun ya wuce gardamar masana. Dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2023 kan sare dazuzzuka ta buƙaci a nuna ainihin wurin gonar da koko ya fito. Manomin Ondo ko Ghana da gonarsa ke gab da gandun dajin gwamnati, kuskuren mita 10 na iya jefa gefen gonarsa cikin gandun a takarda.